Darasi: Gyaran Bakin Kaset na Tsohuwar Na'urar Gem

Bakin kaset shi ne dogon ramin nan da ake cusa kaset a cikinsa a tsofaffin na'urorin gem na talabijin, irin waɗanda suka yi tashe kafin na'urorin gem su koma amfani da faifan CD. A cikin ramin akwai layi biyu na ƙananan haƙoran ƙarfe masu tauri irin na sufirin, suna fuskantar juna. Shi kuwa kaset ɗin gem suna kawai ya ara daga kaset ɗin rediyo, don ba shi da zare. Ƙaramin fanel ne a cikin kwanson roba, gefensa ɗaya ya leƙo waje ɗauke da 'yan layukan ƙarfe masu ruwan zinari. Idan aka tura kaset, kowane haƙori sai ya danne layinsa, ta nan wuta ke shiga kaset, ta nan kuma na'ura ke karanta wasan. Haƙori ɗaya ya ƙi taɓawa, wasa ya lalace ko ya ƙi tashi gaba ɗaya.

A Bolari da sauran unguwannin Gombe, irin wannan aiki yakan faɗo ne a teburin mai gyaran rediyo da talabijin ko mai gyaran waya. Wani zai tono na'urar daga ƙasan gado ko daga kayan gwanjo, ya kawo ta a leda, ya ce, "Oga, duba min wannan, ina jin ta mutu." Galibi ba ta mutu ba. Baki ne ya yi datti ko haƙoransa suka saki, kuma gyaran bai fi ƙarfin wanda ya iya riƙe sukundireba da ayon ɗin liƙi ba.

Ire-iren baki

Kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da Famicom a watan Yulin 1983, da baki mai haƙora 60 a saman na'urar, talatin a kowane layi. Da aka kai ta Amurka a 1985 da sunan NES, sai aka sauya mata siffa: aka mayar da ƙofar kaset gaba kamar ta bidiyo, aka yi mata baki mai haƙora 72. Mega Drive ta kamfanin Sega, wadda ta fito a 1988 kuma nan aka fi kiranta Sega kawai, tana da haƙora 64. Super Nintendo na da 62, Nintendo 64 na da 50, ƙaramar Game Boy ta hannu kuma 32. Saboda haka abu na farko da mai gyara zai yi shi ne ƙirga haƙora, domin bakin wannan ba ya shiga gurbin waccan.

Yawancin abin da ya shigo Najeriya, ta kasuwar Alaba a Legas da Sabon Gari a Kano, har ya iso kasuwar Gombe, kwaikwayon Famicom ne da aka ƙera a Taiwan da Sin. Su ne masu kaset ɗin nan da ake rubuta wa wasa dubu tara da ɗari tara da casa'in da tara, alhali 'yan wasanni kaɗan ne ake ta maimaitawa: Super Mario, Contra, wasan tankoki, harbin agwagwa. Ko da an yi wa kwanson siffar Sega ko ta PlayStation, bakin dai na Famicom ne mai haƙora 60. Idan an buɗe irin waɗannan, sau da yawa ba a ganin komai sai ɗigon baƙin ƙaro a tsakiyar fanel, wanda duk ƙwaƙwalwar na'urar ke ƙarƙashinsa. Wannan ɗigo ba ya gyaruwa. Bakin kuwa yana gyaruwa, kuma shi ya fi yawan lalacewa, saboda ƙarfen da aka yi shi da shi mai araha ne.

Abin da ke kashe baki

Ƙura ce ta farko. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hunturu na shigo da ƙura mai laushi kamar garin da aka tankaɗe, kuma baki mai kallon sama tamkar mazurari ne a gare ta. Ƙura busasshiya ba ta cika yin ɓarna ba. Amma idan damina ta sauka, laima ta jiƙa ta, sai ta daskare a jikin haƙora, ƙarfen ya dushe, wani wuri ma ya yi kore-kore. Wanda ya haska tocila cikin bakin na'urar da ta yi shekaru a ajiye zai ga abin mamaki: ɓawon gyaɗa, ƙwayar gero, zaren tabarma, kashin kyankyaso, wani lokaci har laka ta zanzaro da ya fara gini ya fasa.

Na biyu shi ne hura iska da baki. Duk wanda ya yi wasan gem a yarinta ya san al'adar: kaset ya ƙi tashi, a zare, a hura masa iska fuu, a mayar. Sau da yawa yakan tashi, shi ya sa al'adar ta zauna. Amma zarewa da mayarwar ne suka yi aikin, don haƙora sun sake gogar layukan sun sami sabon wurin kamawa. Numfashi kuwa laima da 'yan ɗigon yawu yake barin wa ƙarfe, waɗanda su ne tsatsar gobe. Magani ne na yau da ke haifar da ciwon baɗi.

Na uku gajiya ce ta ƙarfe. Haƙori sufirin ne, kullum ana buɗa shi yana komawa, har ranar da zai daina komawa daidai. Barin kaset a ciki wata da watanni yana gaggauta wannan, haka ma girgiza kaset hagu da dama lokacin zarewa, da cusa takarda a gefensa don ya matse. NES ta Amurka ta fi kowace fama da wannan ciwo, saboda bayan an tura kaset ciki sai an danna shi ƙasa, kuma kowane danni yana lanƙwasa haƙoran.

Na huɗu, wanda ya fi ɓuya, shi ne tsagewar dalma a ƙarƙashin baki, inda ƙafafunsa suka shiga fanel. Yaro ya danna kaset da ƙarfi sau dubu, zafin bazara ya buɗa ƙarfe, sanyin hunturu ya tsuke shi, sai dalmar ta yi wani siririn zobe kewaye da ƙafar.

Karanta alama kafin a kwance

Ba a fara gyaran baki sai an tabbata shi ne mai laifi. A fara da adafta. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Japan 100, ta Amurka 120, don haka adaftar da ta zo da na'urar gwanjo daga can ba a cusa ta kai tsaye a soket. Akwai kuma tarko guda: adaftar NES ta asali wutar AC take bayarwa, Famicom da Mega Drive kuwa DC suke ci. Kan adaftar na iya shiga, amma haɗa ta NES da Famicom na iya ƙona ta. A cikin waɗannan na'urori akwai ɗan abu mai ƙafa uku da lamba 7805 a jikinsa, wanda aikinsa rage wuta zuwa bolt 5. Idan mita ba ta nuna bolt 5 a ƙafarsa ta fita ba, to matsalar ba ta kai ga baki ba tukuna. A duba wayar hoto da sauti, a kuma gwada kaset biyu ko uku. Idan guda ne kawai ya ƙi, kaset ɗin ne ba shi da lafiya.

Idan waɗannan duk ƙalau suke, allon talabijin da kansa zai nuna inda ciwon yake. A kaset na Famicom akwai ma'adana biyu: ɗaya ta umarnin wasa, ɗaya ta zane-zane. Haƙoran kusan rabin bakin suna hidimar ta farko, na ɗaya rabin suna hidimar ta biyu. Idan allo ya tsaya da launi ɗaya, toka-toka ko shuɗi, babu motsi babu kiɗa, to haƙoran ɓangaren umarni ne ba su kama ba. Idan kuwa kiɗa na tashi, wasa na tafiya, amma Mario ya zama tarin 'yan murabba'ai ko layuka sun tsaga hoton daga sama zuwa ƙasa, to ɓangaren zane ne. Akwai ma alama ta uku mai ban sha'awa. A Famicom ta asali, sauti kan fita ta haƙori na 45 ya shiga kaset, ya dawo ta na 46 kafin ya wuce talabijin. Hoto garau amma shiru, wannan na iya zama dattin haƙora biyun nan kawai. Wanda bai san haka ba zai yi ta neman laifi a wurin da babu shi.

NES tana da tata alamar, wato jar fitila mai ƙyaftawa kusan sau ɗaya a kowace daƙiƙa, allo ma yana ƙyaftawa tare da ita. Dalili shi ne wani ɗan aysi mai suna 10NES da Nintendo ya sa don hana kaset na jabu aiki. Yana gaisawa da ɗan'uwansa da ke cikin kaset. Idan datti ya hana gaisuwar, sai ya yi ta sake kunna na'urar.

Kayan aiki

Ana buƙatar sukundireba mai bakin tauraro, mita, tsohon buroshin haƙori, audugar goge kunne, farar roba ta goge fensir, allura, farin ƙyalle marar gashi, madubin ƙara girma, da ayon ɗin liƙi tare da dalma da man liƙi. Kaset na asali na Nintendo da Sega sukan zo da wasu kusoshi masu kai na musamman, milimita 3.8 ko 4.5, waɗanda sai da mabuɗinsu. Na Famicom da kwaikwayonsa yawanci maƙale suke da 'yan ƙugiyoyin roba, kuma tsohuwar roba saurin karyewa gare ta.

Ruwan wanki shi ne wurin da ake yawan kuskure. Wanda ya dace shi ne sinadarin isofurofil mai ƙarfin kashi 90 cikin ɗari ko fiye, domin yana narkar da maiƙo ya bushe nan take. Idan babu, sifirit na kantin magani na iya tsayawa a madadinsa, sai dai a ba shi lokaci ya bushe sosai, don akwai ruwa a cikinsa. Fetur, kananzir da tina ba su da gurbi a nan: tina na cin roba, kananzir na barin maiƙon da ƙura za ta manne masa. Sanfefa ma haramun ce a wannan aiki. Ruwan zinarin da ke kan layukan kaset ya fi fatar albasa sirantaka nesa ba kusa ba. Sanfefa za ta sa wurin ya yi ƙyalli a ranar, mai kaya ya tafi yana godiya, amma ta kankare kariyar, jan ƙarfen da ke ƙasa ya fito fili, bayan damina ɗaya kuma ya dushe fiye da da. Abin da aka kankare ba ya dawowa.

Wanki

A cire adafta daga wuta kafin komai. Sannan a fara da kaset, ba da na'ura ba, domin kaset mai datti zai sake ɓata bakin da aka wanke. A tsoma audugar kunne a sinadari, a goga layukan gefe ɗaya daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a juya a yi ɗaya gefen. Audugar farko za ta fito baƙa ƙirin. A ci gaba da sabuwa har ta fito fara. Idan datti ya kafe, a buɗe kwanson a goga layukan da farar roba a hankali, a kakkaɓe ɓurɓushin, a sake bi da sinadari.

Shi kuwa bakin, a kifa na'urar a ɗan bubbuga bayanta don abin da zai zubo ya zubo, a ciro sauran da allura. Sai a ɗauki tsohon katin banki, a yanke shi daidai faɗin ramin, a naɗe shi da ƙyalle falle ɗaya, a jiƙa da sinadari, a tura shi ciki a zaro, miƙe, sau goma ko fiye. Kada a ja shi gefe da gefe, don ƙyallen na iya kama haƙori ya karkatar da shi. Layukan baƙi za su fito a jikin ƙyallen, kowane layi haƙori ɗaya. Wannan ma gwaji ne: inda aka ga giɓi babu layi, haƙorin wurin ba ya taɓawa. A matsar da ƙyallen zuwa wuri mai tsabta a sake, har baƙin ya ƙare. A bar shi ya sha iska minti goma sha biyar a inuwa, sannan a gwada. Mafi yawan na'urori a nan suke farfaɗowa, kuma wanda ya tsaya a nan bai yi ƙaramin aiki ba.

Tayar da haƙora

Idan kaset na shiga sakwa-sakwa babu wani kamu, ko wasa na tashi sai an danne kaset da yatsa, to haƙora sun kwanta. A haska tocila a duba layin da madubi. Haƙora masu lafiya a jere suke ɗaya bisa ɗaya kamar haƙoran mataji. Wanda ya kwanta zai nuna kansa. A ɗan lanƙwasa bakin allura ya zama ƙugiya, a sa ta bayan haƙorin, a jawo shi zuwa tsakiyar ramin kaɗan, abin da bai kai milimita ɗaya ba. Aikin haƙuri ne, a bi su ɗaya bayan ɗaya. Haƙorin da aka jawo da yawa zai taɓa na gabansa idan babu kaset, ko kuma gefen kaset ya murƙushe shi ƙasa a turawar farko, kuma wanda aka murƙushe da wuya ya miƙe ba tare da ya karye ba. Bayan an gama, a sa mita a ma'aunin ƙara a tabbatar babu haƙorin da ya haɗe da maƙwabcinsa, musamman na wuta da na ƙasa. A Famicom na 30 da na 31 ne ke ɗauke da bolt 5, na 1 da na 16 kuma su ne ƙasa.

NES ta fi sauƙi ta wani fanni, domin bakinta ba a liƙe yake da dalma ba. A kwance kusoshi shida na ƙasa, a ɗaga murfi, a cire garkuwar ƙarfe da tiren kaset, sai a zare bakin daga gefen fanel kamar yadda ake zare kaset. Yana da kyau a jera kusoshin a kan takarda yadda aka ciro su, saboda ba tsawonsu ɗaya ba. Tun da ya fita shi kaɗai, ana iya wanke shi da buroshi ciki da bai, a kuma goge gefen fanel ɗin da yake kamawa, wurin da mutane da yawa ke mantawa. Wasu masu gyara sukan tafasa shi a ruwa mai tsabta na 'yan mintoci don datti ya saki. Dabarar na aiki, da sharaɗin kada ya kwanta a gindin tukunya inda wuta ke dukansa, kuma ya bushe ƙarau kafin a mayar. A hunturun Gombe wuni guda ya isa. A watan Agusta gara a ba shi kwana biyu. Ana sayar da sabon baki mai haƙora 72, amma da yawansu matsewa gare su har sai an yi kokawa kafin a zare kaset, wanda hakan ke cinye layukansa. Na asali da aka wanke aka tayar ya fi. Akwai kuma masu yanke ƙafa ta 4 ta 10NES don fitila ta daina ƙyaftawa. Za ta daina, amma dattin na nan inda yake.

Dalma

Ayon shi ne makami na ƙarshe. Idan wanki da tayarwa ba su yi ba, a juya fanel a duba ƙafafun bakin da madubi, ana ɗan motsa shi da hannu. Ƙafar da ke rawa a cikin dalmarta, ko wadda zobe ya kewaye, ita ce. A shafa man liƙi, a ɗora bakin ayon daƙiƙa biyu zuwa uku, a ƙara 'yar sabuwar dalma, a ɗaga. Dalma mai kashi 60 da 40 tana narkewa wajen digiri 190, don haka ayon mai zafin 330 zuwa 350 ya wadatar. Babban ayon irin na liƙin radiyeto ba na nan ba ne. Fanel na kwaikwayo siriri ne, hanyoyinsa na jan ƙarfe saurin ɗagowa gare su idan zafi ya daɗe. Tun da an riga an buɗe, gara a bi dukan ƙafafun, don wadda ba ta tsage yau ba tana hanya. Tazarar ƙafa da ƙafa milimita biyu da rabi ce da 'yan kai, saboda haka a lura kada dalma ta yi gada tsakanin biyu. A yi aikin a wuri mai iska, a wanke hannu kafin a ci abinci, domin dalma guba ce.

Sauya baki ɗungurungum sai idan haƙori ya karye ko robar ta fashe. A nan sai an tsotse dalmar kowace ƙafa da famfon tsotsa, sittin ko sittin da huɗu, har kowace ta yi motsi a raminta, sannan a ɗaga. Ba a ɓamɓare shi da sukundireba. Ƙafa ɗaya da ta rage a liƙe za ta taho da hanyarta. Mafi sauƙin wurin samun baki mai haƙora 60 shi ne wata matacciyar na'urar kwaikwayo, shi ya sa mai gyara mai dabara ba ya zubar da su. A nan ne kuma ya kamata a yi wa mai kaya lissafi tun kafin a fara. Na'urar asali ta cancanci wahalar. Ta kwaikwayo kuwa, kuɗin aikin na iya haura kuɗinta, sai dai idan mai ita ya ce tunawa ce yake son ajiyewa.

Gwaji da ajiya

Gwaji ba kunnawa ɗaya ba ne. A sa kaset, a kunna, a kashe, a zare, a maimaita sau biyar da kaset daban-daban. A bar wasa na tafiya rabin awa don fanel ya ɗumama, sannan a ɗan taɓa kan kaset da yatsa. Idan hoto ya watse, da sauran aiki. Ba a zare kaset ko a cusa shi alhali na'ura tana kunne. Idan bindigar harbin agwagwa ta ƙi aiki a talabijin na bango, ba laifin baki ba ne. Bindigar da tsohon talabijin mai ƙeya kawai take aiki.

Kafin mai kaya ya tafi, a gaya masa ya riƙa zare kaset miƙe idan an gama wasa, ya rufe na'urar da ƙyalle, ya ajiye kaset a leda mai zif bakinsu na kallon ƙasa, ya kuma hana yara hura musu iska. A wuri mai ƙura irin Bolari, wanki biyu a shekara ya isa: ɗaya a ƙarshen hunturu kafin ruwa ya sauka, ɗaya bayan damina ta ɗauke.